Jaki Biyar, Jaki Uku

Da dabbobin Kurmi Goma Sha Uku suka kori Zakin Ƙetare, kowa ya zaci za a sarara. Ashe an gudu ne ba a tsira ba. Kowane kurmi ya ja shingensa, har barewa ba ta isa gidan kakarta sai ta karya doka uku. Da abin ya ishe su, manya suka taru a kogon kuka don rubuta doka guda. Suka toshe ƙofa da ƙaya, suka rantse ba mai fitar da magana. Ga zafin bazara, ga warin Kura.

Mai shiga da fita ɗaya ne, Duna, tsohon jakin da ke kawo musu ruwa. Ba a rantsar da shi ba, don an manta dogayen kunnuwan nan suna ji. Shi kuwa magana ɗaya yake jira. Shekara takwas yana ɗaukar kayan yaƙi bisa alkawarin za a kwance igiya daga wuyan jakuna, amma har yau shi da iyalinsa suna turke a gonar Kura.

Wata biyu aka kwashe kan rabon kujerun majalisa. Giwa ta ce a raba su bisa yawan jama'a, Zomo ya ce ko kusa, kowane kurmi murya ɗaya. Sai Kunkuru, wanda rabin taron barci yake, ya buɗe ido ya ce a yi majalisa biyu, kowa ya samu inda zai yi ihu. Aka tafa.

Nan Kura, wakiliyar kudu, ta miƙe ta gyara murya.

"'Yan'uwa masu girma, tunda yawa ake bi, a ƙirga mini jakunana. Ni uwa ce gare su. Ban taɓa barci ba sai na zagaya na ga lafiyarsu."

Murna ta cika Duna. Yau dai an zo kansa.

Dila, wakilin arewa, ya yi tsalle. "Ranki ya daɗe, in jama'a ne, kwance su. In kuwa dukiya ce, ni ma a ƙirga mini fartanyoyina."

Duna ya ji kamar ya rungume shi. Bawan Allah, ganin kitse ya yi wa rogo. Ba igiya ce ta dami Dila ba, kujeru ne.

"To mu mun fita," in ji Kura, ta nufi ƙofa. "Ku ci dokarku."

"Haba, Hajiya, zauna mana!" in ji Kunkuru. "Don jaki za mu watse? A raba gardama. Kowane jaki biyar a ƙirga su uku."

"Igiyar fa?" wani ya tambaya daga baya, a hankali.

"A bar wa 'ya'yanmu, sun fi mu ilimi. Kuma kada a rubuta sunanta a takarda, ba daɗin ji," in ji Kunkuru.

Kogo ya ɓarke da kabbara. Kura da Dila suka rungumi juna har da hawaye. Aka rubuta a saman takarda da manyan baƙaƙe: Mu Dabbobin Daji. Sannan aka kira Duna ya kai ta kurmi-kurmi a karanta wa jama'a, tunda shi ne mai ƙarfin baya. Ya ɗauka. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, amma ya ɗauka.

Da la'asar ya biya ta turke shan ruwa. 'Ya'yansa biyar suka taso iyakar tsawon igiyarsu.

"Baba, an sa mu a ciki?" in ji babbar.

"An sa."

"Dukanmu?"

"Uku."

Suka dubi juna, kowa yana ƙirga ɗan'uwansa. Sai autar ta matso.

"Baba, su wa aka bari?"

Duna ya sunkuyar da kai cikin kwami, ya daɗe bai ɗago ba, alhali ruwan ya ƙare.