Rabin Makina a Kan Sauti

Da furfurata na koma jami'a karatun jarida, na kama ɗaki a Sangere cikin sa'annin 'ya'yana. Malamarmu, Madam Rifkatu, ta ba mu aikin haɗa bidiyo, ta ce kowa ya tsara ma'aunin da za a auna nasa da shi.

Yaran ajinmu suka rarraba makinsu kaɗan-kaɗan a kan abubuwa daban-daban don tsoro. Ni kuwa na sayi sabon makirufo na maƙalawa a riga, saboda haka na ɗora rabin makina a kan jin muryar wanda na yi hira da shi.

"Bappa, ka tabbata?" in ji Madam.

Na ce, "Madam, ai ba yau aka haife ni ba."

Na je bakin kogin Binuwai na yi hira da wani tsohon masunci. Na miƙa aikin ban ko saurare shi ba, domin gwani ba ya shakkar kansa.

Ranar nuni aka kunna a gaban aji. Ga tsoho yana ta motsa baki, ba a jin komai. Ashe a rigata na bar makirufon. Sai ƙarar taunar gyaɗa, garas-garas, sannan muryata raɗau: "Kai, tsohon nan ba zai yi shiru ba? Fitsari nake ji."

Aji ya kece da dariya. Madam ta share hawaye ta ce, "Bappa, kai ka kafa dokar." Haka na maimaita kwas ɗin.

Har yau in muka haɗu da yaran a kasuwar Jimeta, kafin su gaishe ni sai sun nuna mini hanyar banɗaki.