Rasuwar Tsohon Fom ɗin Karɓar Magani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da suka gaji da lalube, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar tsohon fom ɗin karɓar magani na shafin intanet na asibitinmu. Ya rasu ranar Litinin da hantsi, yana da shekara shida, bayan gajeriyar jinya da masu shafin suka kira gyaran fuska.

Masu ido sun ce marigayin mummuna ne. Ni ba na gani, don haka ban taɓa riƙe shi da wannan ba. Abin da na sani, mai tsari ne, mai sanin ya kamata. In na danna maɓallin Tab, muryar kwamfutata ta ce, "Suna." In ƙara dannawa, "Lambar kati." Haka yake jana gida-gida har gida na tara, inda ake rubuta sunan ciwo. In rubuta, ya maimaita mini a kunne, ni kaɗai. Gida na sha ɗaya, "Aika." Minti huɗu mun gama. Bai taɓa tsallake layi ba, bai taɓa kai zancena gaba ba. Ko yayana da nake zaune a gidansa bai san abin da nake haɗiya kowace safiya ba.

An ce magajinsa kyakkyawa ne. Allah ya ba masu kallo sa'a. Daga "Suna" sai ya dira kan "Aika", ya jefa ni cikin hotunan likitoci, ya dawo yana ta "akwatin rubutu, akwatin rubutu", ba ya faɗin na mene ne. Amsa tana gaba, tambayarta tana baya. Jiya na zuba shekarar haihuwata a gurbin nauyi, ya ce ba mutum mai nauyin haka. Gida na tara kuwa Tab ba ta zuwa ko kusa, sai da maus. Sau bakwai na kira asibiti. Mai ɗaukar waya ta ce, "Malama, ai yanzu ya fi sauƙi, ki duba da kyau za ki gani." Na ce in zo da ƙafata? Ta ce an rufe tagar karɓar magani, komai sai ta fom.

Ya rasu ya bar ni, da maɓallin Tab da ya fara lotsawa, da ƙwaya uku a kwalba. Likita ya ja mini kunne kada in tsallake ko kwana ɗaya. Wallahi tsoro nake ji. Duk wanda ya san mai gyaran shafin nan, don girman Allah ya roƙe shi ya cire maus, ya runtse ido, ya danna Tab sau goma sha ɗaya.

In hakan bai samu ba, za a yi jana'iza ranar Alhamis da safe a kan teburin falo. Matar yayana ce za ta riƙe maus, don ita kaɗai ke gida da rana. Mace ce mai kirki, sai dai magana ba ta kwana a cikinta. Zan zauna gefenta ina ba ta amsa da baki, in ta kai gida na tara a binne su tare, shi da sirrina.

Masu ta'aziyya kada ku wahalar da ƙafafunku. Kafin la'asar labarin zai same ku har gida.