Karatun Ummi a Rayfield

A duk faɗin Dutse Uku babu uban da ya san darajar ilimi kamar Sharafaddeen, mai shagon caja da murfin waya a kasuwar Taminus. Shi da kansa ya naɗa kansa Darakta, maƙwabta kuwa suka ƙara masa da Oga Tsari, domin ko atishawa ba ya yi sai da tsari.

Da hutun haihuwar matarsa Murjanatu ya ƙare, za ta koma koyarwa, gwaggonta ta ce a riƙa kawo mata jaririyar, Ummi. Darakta ya gyara hula.

"Gwaggo, mun gode. Amma goyo ba manhaja ba ne. Ƙwaƙwalwar yaro tun kafin haƙori ake gina ta."

Sai ya kai Ummi gidan renon Madam Nkem a Rayfield, inda masu manyan motoci ke ajiye 'ya'yansu. Ya biya kuɗin rajista da na yunifom. Ya biya na kwamfuta, ko da yake ɗalibar ba ta iya zama ba tukuna. Da aka ambaci kuɗin yawon buɗe ido, har godiya ya yi. Ummi ta tsala ihu a hannun mai reno, Murjanatu ta fito tana share hawaye, shi kuwa ya tsaya ɗaukar hoto a jikin motar wani.

Da yamma ya yi wa majalisa jawabi: "'Yata da jikar kwamishina katifarsu ɗaya. Ku je ku yi tunani."

Ba a jima ba nama ya daina zuwa gidan. Darakta ya ce likitocin zamani sun hana. Babur ɗinsa ya tafi kasuwa, Darakta ya ce tafiyar ƙasa ita ce sirrin manya. Albashin Murjanatu kuwa ko sallama ba ya yi mata, daga banki sai Rayfield. A ƙarshen zango aka yaba wa Ummi cewa ta yi fice a barci. Darakta ya raba alewa.

Zango na biyu Madam ta ƙara kuɗi, wai dizal ya hau.

"Baban Ummi," in ji Murjanatu, "ina renon 'ya'yan mutane hamsin don a rena min ɗaya, kuma har da ciko. Na gaji. Wannan karon kai da aljihunka."

Aljihun kuwa wayam. Ran Litinin mai gadin gidan renon ya tare Darakta da 'yarsa a ƙofa cikin ladabi, ya miƙo musu jakar Ummi. Murjanatu tana can aji tana koyarwa, girman kai kuma ya hana shi bi ta gidan Gwaggo. Haka Darakta ya wuce shago, ya juye kwalin caja, ya shimfiɗa zani, ya kwantar da ɗalibar.

"Ni na cire ta," yake gaya wa masu sayayya yana jijjiga kwalin da ƙafa. "Ta gama da ɓangaren boko. Yanzu kasuwanci take karanta."

Wata mai tumatir daga Bukuru, Magadaliya, ta leƙo sayen caja. Ta dubi kwalin, ta dubi Darakta da bulumbotin madara a hannu.

"Oga, ashe kana reno? Nawa ne wuni? Ina da tagwaye."

Darakta ya miƙe, ya cika, ya batse. Ya dubi shagon da tun safe ba a yi ciniki ba. Sannan ya rage murya.

"Da abincinsu za ki kawo su?"