Tabar Manya Ta Iso Daura

Wani ne a nan cikin Daura, ba zan kama suna ba, don har gobe gidansu da namu ana kai wa juna tuwon sallah. Shekararsa bakwai a Legas yana buɗe wa manya ƙofa a wani otal. Da sa'o'insa suka tashi dawowa gida, wani ya zo da mota, wani da firji, wanda bai samu ba ma ya zo da keken ɗinki. Shi kuwa gogan sai ga shi da ɗan akwatin katako, ya rungume shi kamar jariri ranar suna.

Me ke ciki? Taba. Amma ba irin karan sigarin nan da 'yan tasha ke laƙawa a bayan kunne ba. Wata jibgegiya ce mai kaurin rogon gasawa, ganyen taba zalla aka nannaɗe. Siga ake ce mata a can, shi kuwa tabar manya yake kiranta. Guda biyar ne cif, wani baƙo ya manta da su a kan teburi. Gogan dai tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa sa taba a baki ba. Amma shekara bakwai yana leƙen masu hali suna busa ta suna miƙe ƙafa, har ya gano sirrin da ya ɓoyu ga kowa: ba arziki ne ke kawo tabar ba, tabar ce ke kawo arzikin.

Ya ɗauki akwatin ya kai majalisarsu ta Ƙofar Baru, ya buɗe a gaban abokansa, Dabo da Munzali.

Munzali ya leƙa ya ce, "Wannan kuma kilishin wace ƙasa ne aka naɗe haka?"

Ya ce, "Ka ji matsalar rashin fita. Tabar manya ke nan. Daga yau ita ce abin sha'awata. Kowane babban mutum da abin da yake hutawa da shi. Wani doki, wani tattabaru, ni wannan."

Dabo ya ce, "Babban mutum, ka dai tuna ana bincike a kanka."

Gaskiyar Dabo. Mutumin namu yana neman auren Raihana, 'yar Alhaji Maiturare mai shagon turare a kasuwa. Manya sun je, Alhaji ya ce a ba shi sati biyu ya bincika halin yaro. Kuma kowa ya san Alhaji da abu biyu. Na farko, ya rantse ba zai ba mashayin taba 'yarsa ba. Na biyu, hanci. Mutum ne da in tuwo ya kama a unguwa ta uku, yana zaune a shago zai faɗi sunan matar da ta yi sakaci.

Gogan ya yi dariya ya ce, "Shan taba daban, wannan daban. Ita ba a haɗiye hayaƙinta. Kurkure baki kawai ake yi da shi a fesar."

Munzali ya ce, "Au, wankin baki ne? To ka nemi asuwaki mana, ko ashana ba ya buƙata."

"Ku dai ku zauna nan. Wayewa za ta zo ta wuce ku kuna cin gyaɗa."

Ya koma gida ya duƙufa kallon bidiyo a waya. Ya ji wani Bature mai gemu yana cewa tabar manya ba ta son bushewa, sai wuri mai 'yar laima. Ga shi ana tsakiyar bazara, lokacin da in ka shanya riga kafin ka juya baya ta ƙame. Gogan ya yi tsaki ya ce, "Wannan ai tsohon ilimi ne a wurinmu. Ba haka ake adana goro ba?"

Ya samo tsumman algarara ya jiƙa shi sharkaf, ya naɗe su duka biyar, ya tura gindin randa. Safe da yamma yana yayyafa musu ruwa kamar mai rainon dashen mangwaro.

Kwana huɗu ya buɗe. Biyu sun kumbura sun warware, fumfuna ta yi musu rawani. Biyu da ke tsakiya sun sha da ƙyar. Ɗaya kuwa babu ita babu dalilinta.

Ya leƙa ɗakin kakarsa Laraba. Ya same ta zaune a kan tabarma, leɓenta na ƙasa ya yi tudu.

"Tsohuwa, wa ya taɓa min kaya a gindin randa?"

Ta ce, "Au, naka ne, maigida? Ni na ɗauka tsarabata ce kunya ta hana ka miƙo min. Na shanya ta na dake da 'yar kanwa."

"Kika daka? Kin san daga inda aka kawo ta? Teku ta tsallako!"

Ta tofar a gwangwani ta ce, "To ta sha wahalar banza. Shekara bakwai ka tafi, tabar ma da ka kawo ba ta da yaji. Ta kasuwar Mai'adua in na ɗan zuba a leɓe sai na ji ta har tsakar kaina. Wannan kuwa da ita da garin kuka duk ɗaya. In akwai saura kawo, a rage zafi."

Ya kwashe biyun da suka rage ya ɓoye a cikin takalmi.

To, saura sha. Nan fa aka ji kunya. Baturen ya ce tabar manya ba a gaggawa da ita, sai ta ci awa ɗaya da rabi. A Daura kuwa ina za ka samu awa ɗaya da rabi da wanda ya san ubanka ba zai gifta ba? Kuma kun san ƙa'ida: ko ɗan tasha ne, in ya hango babba sai ya dunƙule sigarinsa a tafin hannu ya kai baya. Wannan kuwa ko hannu biyu ka haɗa sai kanta ya leƙo.

Sai ya ari babur ɗin Munzali ya nausa hanyar Dutsi. Ya bar kwalta, ya bi burtali, ya yi ta tafiya har sai da waya ta daina kamawa. Ya sami gindin wani gawo ya zauna ya harɗe. Ya yanke bakinta da reza kamar yadda ya gani. Ya ƙyasta ashana. Ta mutu. Ya ƙyasta. Ta mutu. A tsinke na goma sha huɗu Allah ya taimake shi ta kama.

Ya zuƙa ya fesar. Ya bi hayaƙin da kallo, iska ta kwashe shi ta yi arewa da shi. Abin ya tsaya masa a rai.

Ya ce, "Haba! Abin da aka kawo daga bangon duniya in riƙa bai wa mutanen Nijar kyauta?"

Sai ya zuƙa ya haɗiye. Ya ƙara. A ta uku gawon ya tashi ya fara zagaya shi. Babur ya zama biyu. Ƙasa ta taso ta gaishe shi a goshi.

Da ya farfaɗo, wani dattijo manomi ne tsugune a kansa yana yi masa fifita da malafa. Can gefe akuya tana tauna ragowar tabar manya, ta lumshe ido, ta ma fi shi iya sha.

Dattijon ya ce, "Sannu, yaro. Kai ba jikan Laraba ba ne?"

Gogan ya ce, "A'a, Baba. Ni baƙo ne. Daga Legas nake."

"To sannu, baƙo. In ka koma Legas ɗin ka gaishe ta, ka ce Jibril na burtali yana tambayar ƙafarta."

Wani in ya ga haka sai ya haƙura. Amma ba mutumin namu ba. Ya zauna ya yi nazari, ya gano kuskuren ba nasa ba ne, na wuri ne. Tabar manya ba ta daji ba ce. Kuma me amfanin zama babban mutum in akuya ce kaɗai shaida? Ta ƙarshen nan dole a ɗauke shi bidiyo, duniya ta gani.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya fito da shaddarsa fara, wadda aka ɗinka don ranar da za a kai shi gaida iyayen Raihana. Ya kafa hula. Ya ja Dabo wani lungu a bayan unguwa, inda ko kaji ba su cika bi ba.

Dabo ya ce, "Wallahi ina jiye maka. Saura kwana uku Alhaji ya ba da amsa."

"Kai dai riƙe waya. Fuskar kawai za ka ɗauka da hayaƙin. In na zama abin da zan zama, kai ne direba."

Ya kunna. Yau kam tsinke uku ta kama, har bakinta ya yi ja. Ya jefa kwalin ashana a aljihun wando. Ya jingina da katanga, ya ɗaga haɓa, ya lumshe ido.

"Yaya na fito?"

Ya ƙara ɗaga haɓa yana jiran yabo.

Ya buɗe ido. Babu Dabo, sai takalminsa ƙafa ɗaya. A bakin lungun kuwa ga Alhaji Maiturare nan tafe da carbi da sanda, ya yanko hanya daga gidan wani aboki.

Gogan ya duba hagu, katanga. Dama, katanga. Ya jefar? Alhaji zai gani, kuma ita ce ta ƙarshe. Ya dunƙule a hannu, wutsiyarta ta leƙo ta nan, kanta ya leƙo ta can. Sai ya tuna Baturen ya ce in ka bar ta minti biyu ba ka zuƙa ba, da kanta take mutuwa. Ya cusa ta aljihun wando, ya saki riga a kai, ya tuɓe takalmi ya zube ƙasa.

"Barka da yamma, Baba."

"A'a, samari, kai ne a nan? Barka kadai. Muna lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

Ku da kuka san Alhaji kun san gaisuwarsa ba ta mai sauri ba ce. Shi in ya kama gida, sai ya bi shi ɗaki ɗaki.

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya mahaifin naka? Ƙafar ta saki?"

"Lafiya lau, Baba."

Tabar da 'yar'uwarta sai da ta sha ashana goma sha huɗu a daji kafin ta kama, yau ta rantse ba za ta mutu ba. Ta sami shadda mai sitaci, ta ji daɗi. Gogan ya fara jin wani ɗumi a cinya, irin na jaririn da ya yi aika-aika.

"Mahaifiyar taka fa?"

"Lafiya lau."

"Hajiya Laraba?"

"Lafiya... lau."

Alhaji ya tsaya. Ya ɗaga hanci ya ja iska sau biyu.

"Samari, wane turare ne wannan?"

"Na wuta ne, Baba. Na Legas. Riga aka turara."

"Ikon Allah. Shekara arba'in ina wannan sana'a ban san shi ba. Akwai itace a ciki, akwai ganye. Can ƙasa kuma kamar ana babbakar kan rago." Ya ƙara shinshinawa. "Kuma har yanzu yana hayaƙi? Ga shi nan yana fita ta wuyan rigarka."

"Haka yake, Baba. Mai naci ne."

"Madalla. To yaya zafi?"

"Lokacinsa ne," in ji gogan, gumi na ɗiga ta haɓa, hawaye na bin gumin.

"Kuka kake yi?"

"Farin cikin ganinka ne, Baba."

"Allah sarki. Yaro mai ladabi. Ka tabbata dai lafiya kake?"

"Lafiya lau, Baba! Lafiya lau!"

A nan ne wutar ta isa kwalin ashana.

Fuuu! Gogan ya yi sama kamar an harba shi da gwafa. Ya yi gabas, katanga. Ya yi yamma, Alhaji. Ya dinga tsalle wuri ɗaya yana dukan cinya yana ihu, amma saboda tarbiyya bai daina cewa "lafiya lau" ba. Allah ya kawo wani mai ga-ruwa da kurarsa, ya sauke jarka biyu ya juye masa tun daga hula.

Da hayaƙi ya lafa, ga mutumin namu tsugune cikin taɓo. Shadda ta zama taga. Ƙafar wando ɗaya ta tafi. A tsakaninsa da Alhaji kuwa ga tabar manya kwance a ƙasa, ta jiƙe, ta kumbura. Mutanen unguwa sun cika lungun da aka ce ko kaji ba sa bi.

Alhaji ya sa tsinin sandarsa ya juya ta. Ya dubi tabar. Ya dubi gogan.

Gogan ya haɗa hannu ya ce, "Baba, don Allah a yi haƙuri. Wallahi ni ba mashayi ba ne. Tun da na kawo su ban taɓa gama ko ɗaya ba. Ɗaya kakata ta dake, ɗaya akuya ta cinye. A tambayi Dabo. Kada wannan ya taɓa maganar Raihana."

Alhaji ya gyara riƙon carbinsa ya ce, "Samari, bar batun taba. Wuta na cin cinyarka nake tambayarka, kana ce min lafiya lau. To in na ba ka 'yata, na tambaye ka yaya take ka ce lafiya lau, hamdala zan yi ko 'yan kwana-kwana zan kira?"