Yadda Zaki Ya Ci Ƙafar Wandon Hedimasta

Jama'a, yau da safe na guntule wa mutum ƙafar wando, kuma wani zaki da ban taɓa yi wa laifi ba ne ya ja mini. Ni tela ne. A ɗakin gaban gida nake ɗinki, talabijin tana falo, ƙofa a buɗe tsakaninmu. Ina riƙe da almakashi a kan yadin tsohon hedimastan unguwarmu, sai zakin nan ya laɓaɓo bayan wata barewa. Ya daka tsalle, hannuna ma ya daka. Barewa dai ta sha. Ƙafar hagu ta wandon ce ta tafi har gwiwa.

Ƙanin maiɗakina ne ummul haba'isin abin. Kwanan baya ya zo da wani faranti kamar murfin babbar tukunya, ya kafa a kan rufi, ya miƙo mini rimot yana washe baki.

"Yaya, ga tashoshi nan sai ka ture."

Ban ture ba, su suka ture ni. Akwai tashar da ba a nuna komai sai kifi. Akwai wadda ake ta girki ba a sam maka ko loma. Akwai ta wasu ƙarti da ke jibgar juna da kujera. Ni da ban taɓa ganin babban kogi ba, yanzu na san yadda dorinar ruwa take renon 'ya'yanta, amma ban san inda na ajiye awon mutane ba.

Kada ku ce ban yi yaƙi ba. Na juya keken ɗinki ya kalli bango, ashe madubin gwaji na nuno mini falo tsaf. Na kai wa maƙwabcina direba ajiyar rimot, na ce ko na yi kuka kada ya ba ni. Kura na ba ajiyar nama. Washegari sai ga shi da sallama, rimot a aljihu, ya nemi kujera.

"Ba ka fita aiki ba?" na ce.

"Motar ce ta fita. Tana layin mai tun shekaranjiya. Masu Girma sun ce man yana hanya, to ni ma bari in jira shi a zaune. Sa mana masu kujerar nan."

Allah Ya ƙara wa Masu Girma lafiya, sun san talaka na bukatar hutu.

To, da hantsi sai ga Hedimasta da sandarsa. Mutumin nan shi ya koya mini karatu, kuma gobe zai sa wandon, tsofaffin ɗalibansa za su karrama shi. Ya ɗaga wandon, ya dubi doguwar ƙafa, ya dubi gajeriya, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗana, sabon yayi ne?"

"Malam, tsautsayi ne."

"Tsautsayin yana da wutsiya, na ji gurnaninsa tun daga waje. Zan dawo da la'asar."

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Na tsaya da guntun yadi a hannu kamar an tsare ni gaban allo.

Maiɗakina ta ji komai daga tsakar gida. Ta shigo, ta karɓe rimot daga hannun direba da yau ma yake zaune a falo, ta danna ta danna har ta kai wata tasha can ƙarshen layi, wadda manya ke fitowa su yanka kirtani. Ta jefa rimot a jakarta.

"Maigida, ban hana ka kallo ba. Ga shi nan, kalli har ka ƙoshi. Ni na tafi kasuwa."

Wani Ranka-ya-daɗe ne a tsaye, ana riƙe masa lema, yana gode wa wani Ranka-ya-daɗen da ya ba shi damar gode masa. Direba ya jure iya jurewa, ya miƙe ya ce bari ya je ya gaida motarsa. Ni kuwa na sunkuyar da kai na taka keke. Na ciro yadi irin na Malam da na ɓoye don kaina, na yanka, na ɗinka, na goge. Rabon da in yi aiki haka tun kafin farantin nan ya hau rufi. Da la'asar Malam ya gwada, ƙafafu biyu suka sauka tare. Ya dafa kafaɗata ya ce na ci jarrabawa, amma da gyara.

Don haka masu cewa manyanmu ba sa tsinana wa talaka komai, ku ji tsoron Allah. Jawabi guda ya mayar da tela kan kekensa.

Ina naɗe zare ne ma na ji Ranka-ya-daɗe ya ambaci layinmu, wai an gama zuba masa kwalta, har aka nuno titi sumul ana tafi. Na leƙa waje, na tarar da mai kurar ruwa yana kiran a zo a taya shi fito da ita daga ramin ƙofar gidana. Saboda haka duk mai kawo mini ɗinki, ina ba shi shawara ya biyo ta cikin talabijin, ta can hanyar ta fi kyau.