Rasuwar Akawal, Keken Nata'ala Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ke hana mutum zura zare a allura, Nata'ala Tela na bakin titin Koudoukou, nan unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Kokoro da Yakité rasuwar kekensa, Akawal, wanda ya cika ranar Talata da hantsi a gangaren wani dutse, tafiyar kwana biyu arewa da Bangui. Ya rasu yana da shekara goma sha tara a hannun mai shi. Shekarunsa na kafin nan Allah kaɗai ya sani, don da manyantakarsa aka samo shi wurin wani kukun Bature da zai koma Brazzaville.

Duk wanda ya zauna da marigayin ya san halinsa. Baƙi ne wuluk, dogo, mai nauyin jiki, ba ya son gaggawa. Bai taɓa ƙin kaya ba. Ya ɗauki turamen atamfa, ya ɗauki ragon layya ɗaure a kariya yana harbi. Shi ya kai Iyatu, matar Nata'ala, asibiti a ciwonta na ƙarshe, shi kuma ya dawo da mai gidan shi kaɗai, bai ce uffan ba a hanya. Maganarsa biyu ce duk duniya: ƙirin-ƙirin in mai talla ta tare hanya, sai wani ɗan kuka, ƙiiƙ-ƙiiƙ, da fedar hagu ke yi a kan tudu. Tun da aka kai Tasalla, 'yar Nata'ala ɗaya tilo, gidan mijinta a Bambari, muryoyi biyu suka rage wa tela. Ɗaya wannan kukan fedar, ɗaya kuma ta Lado mahauci.

Lado amininsa ne tun suna samari. Tare suka baro Damagaram da ƙafa a ayarin fatake, tare suka yada zango a nan, ɗaya ya kama almakashi, ɗaya ya kama wuƙa. Shi ma Lado yana da kekensa. Kowace shekara in ruwa ya ɗauke, sai su rufe sana'a, su ɗaura gari da kilishi, su karɓi takardar izini, su nufi gandun dajin nan da Turawa suka keɓe, inda ba a farauta ba a sara. A can akwai wani hawa da ya naɗe dutse kamar rawani, wanda Lado ya raɗa wa suna Sauka-ka-tura, saboda ba wanda ya taɓa gama shi a kan sirdi a cikinsu. Bayan dutsen kuma akwai tafki, ruwansa garai-garai, kewaya shi kan ci daga hantsi zuwa azahar. Mutanen unguwa kan ce, dattawa biyu da hankalinsu, ba fatauci ba zumunci, sai neman wahala. Su kuwa ko a jikinsu.

Bana, shekarar ƙuri'ar wi da no, wato i ko a'a da Turawan mulki suka sa aka jefa, ciwo ya shanye wa Lado ɓarin jiki. Nata'ala ya je dubiya gidansa a Kokoro, ya same shi kwance, baki ya karkace amma idon nan na tsokana yana nan.

"Tela, ruwa ya ɗauke?"

"Ya ɗauke, Sarkin Fawa."

"To me kake yi a gari?"

"Da wa zan tafi?"

"Da Akawal mana. Ka kewayo mana tafkin, ka ɗebo mini ruwansa a gora. Ruwan rijiyar nan ɗaci yake mini."

Da ya fito, Salamatu matar Lado ta biyo shi har zaure. Ta ce, "Malam, in za ka je, kada ka daɗe. Jikin nan ba na jira ba ne."

Ya ce mata, "Kwana biyar, in Allah ya yarda."

Haka marigayi Akawal ya fita tafiyarsa ta ƙarshe, kuma ana shaida masa bai taɓa tafiya mai kyau irinta ba. A ƙofar gandun mai gadi ya duba takarda, ya leƙa bayan Nata'ala, ya tambaya ina ɗan'uwansa mai dariya. Nata'ala ya ce yana gida. Suka kama hawa. Rana ta fara zafi, jar ƙasa ta yi santsi da tsakuwa, fedar hagu tana kukanta ba ƙaƙƙautawa. Suka wuce itacen da suka saba sauka a gindinsa, Nata'ala bai sauka ba, don babu wanda zai jira. Lanƙwasa bayan lanƙwasa, har hanya ta miƙe, iska ta buge shi a ƙirji, ya ga tafkin shimfiɗe a ƙasa. Ya gama Sauka-ka-tura a kan sirdi, yana da shekara hamsin da takwas. Ya waiwaya zai yi kuri. Ba kowa a bayansa sai hanya.

Ya kewaye tafkin shi kaɗai. Dorinar ruwa ta ɗago kai ta yi atishawa ta nutse, kada yana shan hantsi a kan yashi kamar kullum. Ya ci kilishin mutum biyu ya kasa cinyewa. Ya yi azahar ba mai bin sa, ya cika gora, ya toshe bakinta da tsumma, ya rataya a cikin riga.

Washegari, Talata, a gangare, ajali ya sauka. Ba a ga wata alamar ciwo ba. Ƙas! Iyakar abin da marigayin ya ce ke nan, ƙarfen da ke tsakanin sirdi da kai ya rabu biyu. Nata'ala ya sha ƙasa, ya ɗaye gwiwar hannu, amma gorar ba ta ko tsage ba.

A nan akwai maganar da bai gaya wa kowa ba sai a wannan takarda. Da la'asar wata babbar motar auduga ta tsaya, kaya har sama, ba wurin ɗora ko tsinke. Direban ya leƙo ya yi masa magana da yaren Sango.

"Baba, wuri ɗaya ne, na mutum. Bar ƙarfen nan a daji, gobe da safe kana Bangui."

Nata'ala ya dubi Akawal kwance a gefen hanya, tayarsa ta gaba tana kallon sama. Ya ce a ransa, ai gobe wata motar za ta zo, mai wuri. Ya ce wa direban, "Singila, na gode, ka yi tafiyarka."

Wata motar ba ta zo ba. Ya ɗaure gawar da rawaninsa, ya saɓa a kafaɗa, ya taka Laraba, ya taka Alhamis, sai ranar Juma'a ya sami motar masu fata ta ɗauke su tare. Ya sauka Kokoro da yamma, ya tarar da tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidan Lado. An kai shi makwancinsa tun ranar Alhamis.

Salamatu ba ta yi masa faɗa ba. Daga bayan labule ta ce, "Har Laraba da yamma yana tambaya ko an ji ƙararrawa a bakin layi. Allah bai nufa ba, Malam."

Ya ce, "Allah bai nufa ba." Da safe ya je maƙabarta ya juye gorar a kan kabarin. Ƙasar ta shanye nan take.

Sha'aibu mai walda ya duba marigayin, ya ce karayar tana ɗinkuwa, aikin wuni ɗaya ne. Nata'ala ya ce, "In an gyara shi, ina za mu?" Saboda haka aka tabbatar da rasuwa.

Marigayin ya bar famfo ɗaya, da ƙararrawa mai cikakkiyar lafiya, da tayoyi biyu masu faci goma sha ɗaya a tsakaninsu. Ya bar ɗan'uwansa, keken Lado, jingine a zaure, iskarsa na fita a hankali. Ya kuma bar Nata'ala.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, Nata'ala kuma bai yi musu ba. Duk mai addu'a a baki ya aika wa Lado, shi ya fi bukata. Ranar Lahadi bayan la'asar za a wanke Akawal da kananzir, a naɗe shi a farin ƙyallen da tela ya ɗinka da hannunsa, a sa shi a ƙasa a gindin mangwaron da ke bayan shago. Nata'ala ne zai haƙa, ya ce kada kowa ya karɓe shi. Daga nan za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar shago har magariba. Ba sai an kawo goro ko abinci ba. Wanda ya sami zuwa dai, ya ɗan daɗe.