Famfon da Ke Kawo Ruwa a Tumbatsa

A wani gari da ake kira Tumbatsa, wata jita-jita ta taɓa tashi, ta zaga gidajen suna da na biki, har ta iske ni a tsakar gida ina tsintar shinkafa. Wai a sabon filin wasan yara da Mai Girma Shugaba ya buɗe, akwai wani famfo da in ka murɗa kansa, ruwa yake fitowa. Maƙwabciyata Gambo ce ta kawo mini labarin. Ta ce ƙanwar mijinta ta gani da idonta, har ya fallatsar mata a zane, kuma har yau ta ƙi wanke zanen.

Na ce, "Gambo, ruwa dai ruwa? Mai jiƙa mutum?"

Ta ce, "Wallahi Malama, har da sanyinsa."

Ban yarda ba. Na koyar da kimiyya a firamare har na yi ritaya, kuma abin da aikin ya bar mini shi ne, in aka ce mini abu ya faɗo daga sama, sai na leƙa na ga wa ke kan rufi.

Bari in yi wa baƙo bayani. Ba famfo ne babu a Tumbatsa ba. Kowane gida da nasa, wasu ma biyu. Sai dai gidan ruwan garin ya tsaya tun ina da baƙin gashi, don haka mutane suka nema wa famfo wani aikin. Ana rataye soso a jikinsa, ana shanya safa, ni ma akuyata nake ɗaurewa a nawa. A littafin 'yan aji biyu an rubuta cewa famfo wani lanƙwasasshen ƙarfe ne da ake rataye kaya. Ruwa kuwa sai a Kasuwar Jarka, wadda surukin Shugaba ke riƙe da ita, 'yan garuwa na turo mana shi a kura gida-gida.

Filin wasan sunansa Dandalin Murna Dole. An zuba masa lilo da majaujawa da dawakin roba da ƙaramin jirgin ƙasa mai zagaye. Amma jaridar Haka Ne ta ruwaito cewa duk waɗannan ƙura kawai suke sha. Abu biyu yara ke kuka a kai su: Ɗakin Mamaki, inda famfon yake, da kuma Sitiyarin Jarumai, wani ƙaton sitiyarin ƙarfe mai fenti ja da ɗorawa a tsakiyar fili.

Daga can ake watso shirin yara na safiyar Asabar, Mu Sha Mamaki. Wata Anti Fure ce ke gabatarwa, da 'yar tsanarta Malam Ɗigo, shuɗi, mai ƙaton ciki da ƙaramin kai. Anti Fure za ta ce, "Yara, famfo nawa ne ke kawo ruwa a duniya?" Su ce, "Ɗaya!" Ta ce, "Wa ya kawo mana shi?" Su ce, "Baba Shugaba!" Sai a shiga gasa. Yaro ya kama sitiyarin nan ya murɗa iya ƙarfinsa, sauran na tafi suna waƙa:

Dama, dama, jarumi,
Murɗa dama ka sha kofi,
Mai yin hagu rago ne.

Wanda ya fi motsa shi, a ba shi kofi guda na ruwan famfon, ya sha a gaban kyamara, uwarsa na guɗa.

Duk wannan da bai dame ni ba, ba don jikata Siyama ba. 'Yar aji biyu ce, a wurina take kwana, kuma kafin wannan lamari ba ta cin tuwo sai a kwanona. Wata rana ta dawo makaranta ta jefar da jaka, ta zauna nesa da ni ta juya baya.

Na ce, "Wa ya taɓa mini uwar ɗakina?"

Ta ce, "Ke ce, Kaka."

Ashe a aji malaminsu ya tambayi famfo nawa ke kawo ruwa, ita kuma ta ɗaga hannu ta ce kakarta ta ce da can na gidanmu ma yana kawowa, har a bar shi yana zuba a manta. Aji ya fashe da dariya. Malamin ma ya yi. Kafin a tashi sun sa mata suna Jikar Maƙaryaciya.

Na ce, "Siyama, ni na yi wanka da ruwan famfon nan. Babanki ma da shi aka wanke shi ranar da aka haife shi."

Ta kalli famfon, ta kalli akuyar da ke ɗaure a jikinsa, ta ce, "Kaka, ki daina. Malam Ɗigo ya ce ɗaya ne."

Ranar a kwanon Gambo ta ci tuwo. Wato 'yar tsana mai cikin auduga ta fi ni shaida. Na ce to, zan je in ga wannan famfo. Na riga na yanke a raina cewa duro ne a bayan bango da wani ƙato yana ɗura masa jarka. In na kama ƙaton, na nuna wa yarinyar, aƙalla mu zama maƙaryata biyu, ni da Malam Ɗigo.

Na ja Siyama muka tafi. Layin Ɗakin Mamaki ya zagaye majaujawa, ya bi ta ƙarƙashin lilo, ya fita har bakin titi. Masu gyaɗa da masu alawa suna ta ciniki. A gabanmu ango da amarya ne da mai hoto. A ƙofa wani ma'aikaci mai hular kwano yana shela: "Ba a shiga da jarka, ba a shiga da kofi, ba a kafa baki. Wanda ya jiƙa riga da gangan, za a matse ta kafin ya fita."

Muka shiga. Ɗaki ne mai tayil, da fitilu kala-kala, ga famfo a tsakiya an kewaye shi da jan igiya. Famfo dai irin nawa, har nawa ya fi shi kyan kai. Wani dattijo ya murɗa, ruwa ya zubo, sai ya cire hula ya fashe da kuka. Amarya ta ce wa mai hoto, "Ka tabbata ruwan ya fito a hoton, ni ko ban fito ba." Siyama ta murɗa, ta yi tsalle, ta manta tana fushi da ni, ta riƙo mini hannu.

Da layi ya zo kaina, na buɗe shi gaba ɗaya na tara tafi. Ruwan ya doki hannuna da ƙarfi. Na kai hanci, na ji ƙamshin maganin nan da ake sa wa ruwan gwamnati, wanda rabona da shi tun ana kirana amarya. Ruwan duro ba ya zuwa da ƙarfi haka, kuma ɗan garuwa ba ya sa magani.

Ma'aikacin ya ce, "Iya, an ce ba a kafa baki."

Na ce, "Hanci na kafa, ɗan nan."

Da muka fito na ce ina neman wurin alwala, na zaga bayan ɗakin. Babu duro, babu ƙato. Bututu ne siriri ya fito daga bango ya kwanta a ƙasa. Na bi shi da sandata, ya kai ni gindin Sitiyarin Jarumai. Can ya haɗu da wani ƙaton bututu da aka yi wa fenti kamar maciji, da ido da harshe, yara na hawa bayansa suna sukuwa. Wutsiyar macijin ta fito daga wani tsohon gini, kansa kuma ya nutse a ƙasa ya nufi cikin gari. Sai na gane wurin. Nan ne tsohon gidan ruwa. Nan nake kawo 'yan ajina ziyara, injiniya na nuna musu wannan sitiyari mai buɗe wa gari ruwa da rufe shi, lokacin ba shi da fenti.

Na tambayi ofishin shugaban wurin. Sai ga shi Ɗanliti ne, tsohon ɗalibina, wanda yanzu ake kira Babban Darakta na Hukumar Mamaki da Farin Cikin Yara. Ya taso da babbar riga ya durƙusa.

"Malama! Ke da kanki? Ai da kin aiko, da an shigar da ke ta ƙofar manya."

Na ce, "Tashi, Ɗanliti. Yaushe aka gyara gidan ruwa?"

Ya ce, "Bara, Malama. Gyara na gaske. Injinan nan sababbi ne fil, za su iya shayar da gari biyu."

"To ina ruwan?"

Ya yi murmushi irin na ɗalibin da aka tambaya abin da ya haddace. Ya ce ranar gwaji famfo ɗaya aka buɗe a harabar, don a gani. Kafin azahar gari ya taru. Mata na guɗa, yara na rawa, wani ya suma. Mai Girma ya duba ya ce tunda ya hau mulki bai taɓa ganin talakawansa cikin farin ciki haka ba. Sai aka kira Majalisar Na'am. Wani ɗan majalisa ya ce in aka saki ruwan nan kowane gida, cikin mako guda mutane za su saba, su koma ɓata rai. Wani ya ce Kasuwar Jarka fa, iyalai nawa ke ci a ciki. Wani ya ce akuyoyin gari a ina za a ɗaure su. Aka ce na'am, aka gina filin wasa a kewaye da famfon.

"Don yara muka yi, Malama. Yaron da ya tashi yana ganin ruwa a gidansu, me zai ba shi mamaki a rayuwa?"

Na ce, "Sitiyarin fa?"

Ya ce, "Wannan shawarata ce," yana gyara hula. "Ƙarfin ruwan yana sassauta shi, sai an riƙa ɗaurewa duk mako. Da ma'aikata za a ɗauka. Na ce ga yara nan da ƙarfinsu, ga shirin talabijin yana neman gasa. Har lambar yabo aka ba ni."

Na ce, "Ka kyauta. Dama can kai ne mai share allo kafin a gama kwafa."

Ya yi dariya ya ce Malama ba ta mantuwa. Don ya faranta mini, ya sa aka saka Siyama a gasar Asabar mai zuwa.

A hanyar gida na ce mata, "In kin kama sitiyarin nan, ki murɗa hagu."

Ta zaro ido. "Kaka, mai yin hagu rago ne."

"Na ji. Ki yi ragwanta sau ɗaya saboda ni. In famfonmu bai kawo ruwa ba, ki kira ni duk sunan da 'yan ajinku suka ga dama, zan amsa."

Muka kai gida. A bakin ƙofa ta ce, "Kofin fa?"

Na ce, "Ni zan ba ki bokiti."

Ranar Asabar babanta ya kai ta. Ni kuwa na kwance akuya, na sauke soso, na buɗe kan famfo na tara bokiti, na ce wa Gambo ta ƙure muryar talabijin ɗinta in ji ta katanga. Na ji Anti Fure ta kira sunanta. Na ji waƙa ta tashi, dama, dama, jarumi. Sai waƙar ta fara rarrabewa, ta mutu. Na ji Malam Ɗigo yana cewa, "Yara, ku taya Siyama, ta manta hannun da take cin tuwo da shi!" Sai muryar wani namiji, ba ta 'yar tsana ba, tana cewa a riƙe yarinyar nan.

Famfona ya yi tari. Ya yi gurnani kamar tsohon da aka tasa daga barci, ya tofo tsatsa, sannan ya saki ruwa, da farko ja, daga baya garau. Unguwa ta kaure. Akuyoyin da ke ɗaure suka tsinke igiya. Gambo ta fito ba ɗankwali tana salati, wai ƙarfen rataye sosonta ya fashe. Wani maƙwabci ya kwashe iyalinsa ya yi masallaci. Kafin bokitina ya cika, ruwan ya ɗauke.

Da yamma Hukumar Mamaki ta ba jama'a haƙuri a rediyo bisa yoyon da aka samu a gidajensu, ta ce an shawo kansa, kuma ba zai sake faruwa ba. Mutane suka ce madalla da gwamnati mai saurin gyara.

Siyama ta dawo ba kofi, an cire ta daga gasa. Ta tsaya ta dubi jiƙaƙƙiyar ƙasa a gindin famfo, ta tsoma hannu a bokiti, ta shinshina kamar yadda ta ga na yi. Ta zo ta zauna a cinyata, ta jawo kwanona.

Ta ce, "Kaka, ashe gaskiya kike faɗa."

Na ce, "Ashe."

Ta ci loma biyu tana kallon famfon. Sannan ta ce, "Kaka, mu sa masa jan igiya. Ni zan tsaya a ƙofa. Ba a shiga da kofi."

Jita-jitar Gambo gaskiya ce, akwai famfon da ke kawo ruwa a Tumbatsa. Gidan ruwa yana aiki, bututun gari lafiyarsa ƙalau. Makullinsa yana tsakiyar filin wasa da fenti ja da ɗorawa, kuma kowace safiyar Asabar 'ya'yanmu ne ke ƙara ɗaure shi, mu muna gaban talabijin muna tafa musu.